Ɗaurin talala a gundumar Dakoro: igiyar shekara 5 ce

Daga lokacin da gero ya fara nuna har zuwa ranar da hukuma ke ba da izinin sakin gonaki, masu gari da harɗaɗɗan Fulani na ƙaramar hukumar Bader Gula ba su da hutu. Yankin yana inda gonaki ke cin karo da ƙasar kiwo, kusa da kwarin Tarka, wato iyakar noma ta arewa da dokar 26 ga watan Mayu 1961 ta shata, wadda manoma suka daɗe da tsallakewa. In dabbobi sun yi ɓarna, magana ta kan ƙare a zauren sarki da sulhu da biyan diyya. Amma da zarar an ɗaga sanda ko takobi, jini ya zuba, al'amari ya fita daga hannun sarakuna. Sai jandarmomi, sai kotun Dakoro.

A can ne mutane da yawa suke fara jin kalmar "sursi", abin da Bahaushe ya kira ɗaurin talala. Alƙali ya ce wata 6, amma ba a kai mutum gidan kaso ba. Da yamma sai ga shi ya sauko daga mota a bakin kasuwa. Danginsa su ce ya ci shari'a, dangin wanda aka ji wa rauni su ce an saye alƙali. Dukansu kuwa ba su fahimci hukuncin ba.

Wanda aka yi wa talala an same shi da laifi, an kuma yanke masa hukunci. Zartarwar ce kawai aka jingine. Tsarin ya samo asali daga wata dokar Faransa ta 26 ga watan Maris 1891, wadda ake kira da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, René Bérenger, kuma Nijar ta ɗauke shi cikin kundin tafiyar da shari'ar laifuka na 14 ga watan Agusta 1961. Abin da kundin ya shimfiɗa a fili yake. Wanda ba a taɓa ɗaurewa ba ake yi wa wannan sassauci. In ya cika shekara 5 ba a sake yanke masa ɗauri kan wani laifi ba, hukuncin farko ya zama kamar ba a yi shi ba. In kuwa ya sake faɗawa cikin wa'adin, sai ya fara da zaman tsohon hukuncin cif, sannan ya shiga sabon, ba tare da an narkar da ɗaya cikin ɗaya ba. A ce wanda ke ɗauke da wata 6 na talala ya sake yin faɗa a bakin rijiya bayan shekara 3, aka yanke masa wata 8: wata 14 ke nan zai yi, kuma ana duban sa a matsayin mai maimaita laifi, abin da kan ƙara wa hukunci nauyi. Diyyar da aka ce ya biya da kuɗin shari'a kuma ba su shiga talala. Bashi ne a wuyansa tun ranar farko.

A Amurka, inda wani mai ɗinkin takalma na birnin Boston, John Augustus, ya fara tsaya wa masu laifi a gaban kotu a 1841, abin ya bi wata hanya dabam. Can akwai jami'in da ke bin sawun mutum, kuma rashin zuwa ganin sa ko barin gari ba izini ya isa a mayar da shi gaban alƙali. Talalar da kotunan Nijar suka saba yankewa ba ta da mai tsaro. Makiyayi yana iya kora garkensa har Gadabeji ko ya gangara Najeriya cin rani, ba wanda zai tambaye shi. Sabon hukunci ne kaɗai ke jan igiyar.

Doka ta wajabta wa alƙali ya gargaɗi mutum a kan wannan tun a zauren kotu. To, amma da wane harshe? Da Faransanci ake rubuta hukunci, tafinta ne ke juya shi, kuma mutumin da ya kwana makonni a tsare ba ya jin komai bayan "tafi gida". Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ga ɗan Bader Gula, amfanin wannan zai fara ne ranar da aka karanta masa sharaɗin shekara 5 a bakin da yake ji, da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, a gaban wanda ya kai shi ƙara.

Ba talakan karkara kaɗai ke shan talala ba. A ranar 24 ga watan Yuli 2018, kotun Yamai ta yanke wa jagororin ƙungiyoyin farar hula Ali Idrissa da Moussa Tchangari da Nouhou Arzika wata 3 na talala kan zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi, bayan sun riga sun yi wata 4 a tsare. Lissafin da ban mamaki: zaman jiran shari'a ya fi hukuncin da aka jingine tsawo. A watan Janairu 2022 kuma, ƴan jarida Moussa Aksar da Samira Sabou suka samu wata 2 da wata 1 na talala tare da tara, saboda yaɗa wani rahoto kan fataucin ƙwaya. Su dai sun san abin da ke rataye a kansu, suna da lauyoyi. Ga mai alƙalami, shekara 5 na taka-tsantsan ba ƙaramin takunkumi ba ne.

A karkara matsalar ta fi karkata ga takarda. Ana ajiye tarihin hukuncin mutum, wato kaziye, a kotun yankin da aka haife shi. Wanda ba shi da takardar haihuwa, wanda aka rubuta masa "an haife shi wajajen shekara kaza", wanda sunansa Abdu ɗan Mamman kamar na wasu goma a ƙauye guda, da wuya tsohon hukuncinsa ya biyo shi in an kama shi a Tanut ko Madawa. Wanda ke zaune wuri ɗaya, alƙali da jandarma sun san fuskarsa, shi ne igiya ke kamawa. Mai yawo kuwa sau da yawa ya kan tsira, a sake yi masa kallon mai laifin farko.

A 2017 majalisar dokoki ta amince da dokar aikin amfanin jama'a, wadda ta ba alƙali damar sa mai ƙaramin laifi aiki ba lada maimakon zaman kaso. Irin wannan hukunci yana da abin da talala ta rasa, domin ana ganin sa da ido: wanda aka ji wa ciwo zai ga abokin faɗansa yana share asibiti ko yana gyaran burtali. Sai dai yana bukatar wanda zai riƙe rajista, ya ƙidaya awoyi, ya kuma sanar da alƙali a Dakoro in mutum ya daina zuwa.