Idan mota ta ƙi shiga giyar baya

Da zarar kaka ta yi, motoci sukan shiga jigilar hatsi da wake da gujiya daga ƙauyuka zuwa kasuwannin Tasawa da Mayahi. Babbar hanyar kwalta da ta haɗa Maraɗi da Damagaram ta ratsa Tasawa, amma wanda ya nufi Urafan ko ƙauyukan Gulbin Kaba, rairayi zai tarar. A cikin rairayi kuwa, giyar baya, wadda direbobi ke kira ribas, ita ce ke fid da mota idan ta kafe. Motar da ta kai buhuna kasuwa da rana, sau da yawa ita ce ake tasowa da dare don kai mai naƙuda asibiti. Saboda haka lafiyar wannan giya ta shafe mu duka.

Shawararmu ita ce kada a yi gaggawar sauke akwatin giya, wato buwat. Aiki ne mai tsada, kuma sau da yawa ba can ciwon yake ba. A fara bincike daga mai sauƙi.

Me ya sa giyar baya ke fara gardama? Giyoyin gaba suna da wani zobe mai daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. A motoci da yawa, musamman tsofaffi, giyar baya ba ta da shi. Wani ɗan ƙaramin faifai mai haƙora ne ke shiga tsakanin wasu biyu, ya juya tafiya baya. Ba ya shiga sai komai ya tsaya cak.

Gwaji na farko: a tsayar da mota sarai, a taka kuloci, wanda wasu ke kira ambireyaji, har ƙasa. A ƙirga ɗaya zuwa biyar, sannan a sa giya. Idan ta ƙi, a mayar da sanda tsakiya, a saki kuloci, a sake takawa. Ko kuma a sa giya ta ɗaya tukuna, sannan a koma ta baya. Idan ta shiga, haƙora ne suka yi karo kai da kai, ba wata ɓarna ba ce.

Gwaji na biyu: a ja birkin hannu, a kashe inji, a sa giyar baya. Idan ta shiga salin-alin, amma da an tayar da inji sai ta riƙa gurza, laifin kuloci ne: ba ya raba inji da akwatin giya sosai. Idan kulocin mai aiki da mai ne, a duba ɗan kwalbarsa da ke gaban direba, ƙarƙashin murfin inji. Man birki ake zuba masa, irin wanda aka rubuta a kan murfin, galibi DOT 3 ko DOT 4. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo, kuma iska ta iya shiga. Sai makaniki ya toshe wurin, ya fid da iskar. Idan mai waya ne, wataƙila wayar ce ta saki, sai a ɗaure ta.

Gwaji na uku: idan ta ƙi shiga ko da inji a kashe, a duba ƙarafa ko wayoyin da suka haɗa sandar giya da akwatin. Girgizar hanya tana kwance noti, rairayi kuma yana cinye robobin gaɓoɓi. Alamarsa ita ce sanda ta riƙa lilo a hannu. Wannan gyara ba ya bukatar buɗe akwati.

Gwaji na huɗu: a duba man giya. A yawancin motoci akwai noti a gefen akwatin. Idan an kwance shi, mota tana daidai a ƙasa, ya kamata mai ya kai bakin ramin. A zuba irin wanda littafin motar ya faɗa, misali 75W-90 ko 80W-90. Idan aka ga gutsattsarin ƙarfe a notin ƙasa lokacin juye mai, ko giya tana shiga ta fita da kanta, ko tana ƙwas-ƙwas idan ana ja da baya, to haƙora sun ci. Nan ne ya dace a sauke akwati, a wurin makanikin da ya san aikin. Motar otomatik kuwa, idan manta ya yi baƙi yana warin ƙuna, a kai ta garaji ba tare da jinkiri ba.

Babban abin da ke karya haƙoran nan shi ne halin wasu direbobi idan mota ta kafe: gaba, baya, gaba, baya, tun tayoyi ba su daina juyawa ba. Abin da ya fi shi ne a rage kaya, a haƙe rairayin da ya tare tayoyi, a rage musu iska kaɗan, a shimfiɗa kara ko rassa, sannan a ja a hankali.

Mu kula da lafiyarmu wajen gyara. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga. A tokare ta da ƙarfe ko gungume mai ƙarfi, a sa duwatsu a tayoyi. A kori yara daga bayan mota kafin gwaji. Tsohon mai guba ne: kada a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa shi a kan gyambon mutum ko na dabba.

Muna kira ga masu motoci da shugabannin ƙungiyoyin manoma da su sa direba ya gwada giyar baya kowace safiya kafin a yi lodi. Gara a gano ciwon a tasha, kusa da makaniki, da a gano shi tsakar dare a cikin daji da marar lafiya a mota.