Idan 'Yan Kwangila Sun Tafi, Wa Zai Riƙe Sifana? Tambayar Da Ke Gaban 'Ya'yan Baure

Manomin Baure ya san cewa cinikin garma ba ya ƙarewa ranar da ya biya kuɗi. Idan bakinta ya dakushe ko ta tsage ana tsakiyar huɗa, wurin maƙerin da ya ƙera ta zai koma. Shi ya sa yake son maƙerin ya zama na kusa, wanda zai iya taka sayyada ya same shi a bakin zugazugi. Haka lamarin yake tsakanin ƙasa da manyan kamfanonin injiniya da take bai wa kwangilar layin dogo, ko jiragen yaƙi, ko na'urorin filin jirgin sama. Bambancin kawai shi ne maƙeran nan suna can ƙetare.

A 'yan shekarun nan irin waɗannan kamfanoni sun iso ƙasar Daura. A watan Satumba na 2020 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a kan dala biliyan 1.96, aka damƙa shi ga Mota-Engil, wani kamfanin ƙasar Fotugal. Tsawon layin kilomita 284 ne, zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka Nijar. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a watan Fabrairu na 2021. Layin bai ratsa garin Baure ba, amma wake da riɗi da dabbobin da ake lodawa daga Baure da garin Babban Mutum, su bi ta Zango zuwa Daura, suna cikin kayan da ake fatan wata rana za su hau tarago.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa aikin irin wannan kamfani shimfiɗa ƙarfe ne kawai. Ƙarfen da ido ke gani shi ne na ƙarshe-ƙarshe. Kafin shi, masu safiyo sun auna tudu da kwari, domin jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsini. An ɗebi ƙasa an gwada ta a ɗakin bincike, an ciko, an daddanne ta hawa-hawa, an gina kwalbatoci a duk inda ruwan damina ke bi. Sannan a zuba tsakuwa, a jera kankaren da ke riƙe dogo, a ɗora ƙarafa biyu da tazarar milimita 1,435 a tsakaninsu, saɓanin tsohon layin da ya iso Kano a 1911 mai tazarar milimita 1,067. Ƙarfe yana miƙewa da zafin bazara, ya tsuke da sanyin hunturu, don haka sai an yi lissafin yanayin da za a ɗaure shi, in ba haka ba ya lanƙwashe. A ƙasa irin tamu kuma ga rairayi da iska ke kwasowa ta binne tsakuwa. Bayan duk wannan akwai na'urorin ba da hannu da na sadarwa, waɗanda ke hana jirage biyu haɗuwa a layi ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar kulawa muddin jirgi na gudu.

A fagen tsaro dogaro da maƙeran ƙetare ya fi tsanani. Jiragen yaƙi 12 samfurin A-29 Super Tucano da Najeriya ta saya ƙirar kamfanin Embraer ne na Burazil, amma a Amurka aka harhaɗa su tare da kamfanin Sierra Nevada, wanda ke aikin tsaro da na sararin samaniya. Shida na farko sun sauka a Kano a watan Yuli na 2021. Kuɗin da aka biya, kimanin dala miliyan 500, ba na jiragen kaɗai ba ne. Ya haɗa da horar da matuƙa da kanikawa, da kayan gyara, da makamai. Jirgin sama yana da sa'o'in tashi da aka ƙayyade masa. Idan suka cika dole a kwance wasu sassa a duba, ko da lafiya lau suke. Ranar da wani ɗan ƙaramin sashe ya yi ƙaranci, jirgin miliyoyin daloli sai ya zauna a rumfa, alhali 'yan bindiga na cin karensu babu babbaka a dazukan Arewa maso Yamma. Hausawa sun gama magana da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ba yau muka fara wannan karatu ba. A 1964 aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, kuma a shekarar ce aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. A shekarun 1990 an harhaɗa ƙananan jiragen horo na Air Beetle a Kaduna. A 2018 Rundunar Sojan Sama ta nuna Tsaigumi, jirgi marar matuƙi da injiniyoyinta suka yi aikinsa da wani kamfanin Fotugal. Waɗannan sun nuna cewa hannun ɗan ƙasa yana iyawa. Abin da ke karya mu shi ne rashin ɗorewa: a fara da ganga, a bar masana'anta ta yi shekaru tana barci.

Wannan ne ya sa nake ganin Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura ta fi kowane gini muhimmanci a cikin abin da ya zo mana. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin, wanda ya gina layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, shi ya ɗauki nauyin gina ta a kan kimanin dala miliyan 50. An aza harsashinta a watan Disamba na 2019, dokar kafa ta ta samu sa hannu a 2023, kuma ta fara karɓar ɗalibai. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin Daura. Yaron Baure da a da sai ya dangana da Zariya ko Kano kafin ya karanci aikin injiniya, yanzu makarantar tana cikin masarautarsa.

Sai dai kusanci ba ya ba da gurbin karatu. Ƙofar jami'ar lissafi ne da fizis da kemistiri, kuma waɗannan a sakandare ake dasa su. Idan makarantar ƙauye ba ta da malamin lissafi, ɗakin gwajinta kuma babu ko kwalba ɗaya, 'ya'yanmu za su tsaya a aikin lebura da gadi da riƙe tuta, wasu su zo daga nesa su cike azuzuwa. Aikin ƙarfi halal ne, amma yana ƙarewa ranar da aka kwashe katafila.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowa. Ƙaramar Hukumar Baure da ƙungiyoyin ci gaban gari su zuba kuɗi a malaman kimiyya da kuɗin jarrabawa, maza da mata. Wakilanmu a majalisa su riƙa tambayar kowace kwangila: injiniyoyin gida nawa za a horar, kuma wa zai mallaki zane-zane da littattafan gyara idan aiki ya kammala? Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya riga ya ce a fifita ƙwararrun cikin gida a ayyukan injiniya. Saura a matsa a aiwatar. Iyaye kuma su daina raina yaron da ke son kwance rediyo ko injin ban-ruwa ya ga abin da ke ciki, domin wannan ƙaiƙayin hannu shi ne mafarin injiniya.

Mota-Engil zai gama ya naɗe kayansa, haka ma CCECC. Dogo zai zauna da mu shekaru masu yawa, rana na dukansa, rairayi na binne shi. Ina fatan ranar da wani ƙarfe zai lanƙwashe tsakanin Daura da Mashi, wadda za a kira ta zo ta auna shi ta zama 'yar Baure ce, wadda ta tashi tana kallon maƙeran garinsu.