Durba: Tayar da ta dace da hanyar gona da burji

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama a ƙauyukan Kano suka koma wa keke. A Durba, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kibiya mai maƙwabtaka da Rano, keke ne ke kai manomi gona, ya kai ɗalibi makaranta, ya kuma ɗauko buhu ranar kasuwa. Sai dai da zarar an sauka daga kwalta, taya ce ke nuna ko mutum zai isa a kan keke, ko kuwa zai ƙarasa da turi.

A da, baƙin keke irin su Raleigh da Phoenix aka sani. Yanzu kuwa kekuna masu giya da kaurin taya sun yawaita, akasarinsu na hannu da ake shigowa da su daga waje. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara ƙera irinsu cikin shekarun 1970, domin hawa da gangara a kan duwatsu.

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne lambar da ke gefen tsohuwar tayarsa. Inci kan yaudari mutum. Tayar baƙin keke mai 28 x 1½ tana hawa rim mai faɗin milimita 635, yayin da ta sabon keke mai inci 29 ke hawa mai 622. Wato mai 29 ɗin ta fi mai 28 ƙanƙantar baki. Haka ma inci 26 iri-iri ne: mai 26 x 1.95 rim ɗinta 559 ne, mai 26 x 1⅜ kuwa 590. Saboda haka lambar nan mai kama da 50-559 ita ce abin dogaro. Ta farko kaurin taya ce, ta biyu girman rim. Wanda zai je Sabon Gari a Kano sayen taya, gara ya rubuta ta a takarda, kada ya yi asarar kuɗin mota sau biyu.

Na biyu shi ne zanen taya. Hanyoyin wannan yanki fuska biyu gare su. Da rani akwai rairayi da tsakuwa, da damina kuwa, musamman a watan Agusta, taɓo ne da zaizayar ruwa. Taya mai manyan haƙora masu tazara ta fi kama taɓo, kuma tana kakkaɓe laka yayin da take juyawa, amma tana da nauyin tuƙi a kan kwalta, ga saurin cinyewa. Mai ƙananan haƙora a matse ta fi gudu a busasshen burji, sai dai laka na cike ta har ta koma sumul. Wanda ke haɗa kwalta da hanyar gona kullum, matsakaiciya ta fi masa: ƙanana a tsakiya, manya a gefe. Idan kuɗin ɗaya ke gare shi, ya sa mai kyan a gaba, domin santsin ƙafar gaba ne ke kayar da mutum.

Kauri ma abin lura ne. Taya mai inci 2 zuwa 2.3 ba ta nutsewa cikin rairayi kamar siririya. Amma a tabbatar akwai sarari tsakaninta da jikin keke, in ba haka ba taɓo zai cushe wurin, ƙafa ta daina juyawa.

Sai batun iska. Da yawa sun ɗauka a bugo taya ta yi tauri kamar dutse shi ne daidai. A kan tsakuwa hakan tsalle kawai yake sa keke, ya rage kamun birki. Rage iska kaɗan na ƙara riƙon ƙasa. Amma in ta yi ƙasa sosai, ga buhun masara a kariya, rim zai matse tiyub a kan dutse ya yi masa huji biyu kamar saran maciji. Mai dakon kaya sai ya ƙara wa ƙafar baya iska, ba tare da wuce adadin da aka rubuta a gefen taya ba.

Babbar abokiyar gabar mai keke a nan dai ƙaya ce: tsidau a bakin hanya, ga ta aduwa da bagaruwa a gefen gonaki. Akwai tayar da ba ta da tiyub, wadda ake zuba wa wani ruwa mai toshe huji da kansa, amma tana buƙatar rim na musamman, ga tsada. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a yanke gefunan tsohuwar taya a shimfiɗa ta tsakanin sabuwa da tiyub. Keken zai ƙara nauyi, amma zaryar wurin mai faci za ta ragu.

Tayar hannu kuwa, a lanƙwasa gefenta a duba kafin a biya. In an ga tsattsagewa ko zare ya fito, rana ta riga ta cinye robar, komai kyan haƙoranta. Arahar irin wannan taya, a hannun mai faci take ƙarewa.