Motar Lantarki da Jan Ɗaki Mai Taya

Al'ada ce daɗaɗɗiya a wurin mutanen Ingila da Jamus da Holan, cewa idan lokacin hutunsu ya kama, sai magidanci ya ɗaura wa motarsa wani ɗaki mai taya, wanda a cikinsa akwai gado da murhu da makewayi, ya kwashi iyalinsa su nufi bakin teku ko gindin duwatsu, duk inda suka ya da zango nan ne gida. Da motocin lantarki suka yawaita a ƙasashen nan, sai ma'abota wannan al'ada suka shiga tambaya ko motar da ba ta shan mai za ta iya wannan hidima. Za ta iya, amma bisa sharaɗi, sharaɗin kuwa ba a inda galibin mutane ke zato yake ba.

Ta fuskar ƙarfi dai babu abin zargi, domin injin lantarki yana bayar da ƙarfinsa tun motar tana tsaye, babu kuloci balle canjin giya, ga nauyin batir da ke shimfiɗe a ƙasanta yana zaunar da ita daram. An halatta wa Tesla Model Y jan kilo 1,600, Kia EV9 kuwa kilo 2,500, kuma idan an zo gangara injin yana riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir.

Mas'alar tana wajen guzuri. Litar dizal ɗaya tana ɗauke da makamashin da ya kai wajen kilowat-awa 10, ke nan batir mai kilowat-awa 75, duk da nauyinsa, abin da ke cikinsa bai kai na lita 8 ba. Abin da ya sa motar take cin dogon zango da wannan ɗan guzuri shi ne injinta ba ya almubazzaranci, kuma an ƙera jikinta sumul domin ta tsaga iska cikin sauƙi. To, da zarar an rataya mata ɗaki mai faɗin goshi, wanda ya fi ta tsawo ya kuma fi ta faɗi, sai wannan hikimar ta rushe, iska ta riƙa dukan ɗakin gaba da gaba, har tafiyar da caji ɗaya yake kaiwa ta ragu da kusan rabi. A kan miƙaƙƙiyar hanya surar ɗakin ta fi nauyinsa cin wuta, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya cewa idan aka ninka gudu, turjiyar iska ninkuwa take yi sau huɗu. Saboda haka dokar Jamus da ta tsayar da mai jan ɗaki a kilomita 80 cikin awa, sai wanda ya sami izinin yin 100, rahama ce ga batir, ko da ba don shi aka kafa ta ba.

Motar mai ma tana ƙara sha idan tana jan kaya, sai dai mai ita cikin mintuna kaɗan zai cika tanki ya wuce. A nan ne, a ganina, ainihin wahalar take, kuma laifin masu gina wuraren caji ne fiye da na masu ƙera mota. Yawancin wuraren an tsara su ne domin mota ita kaɗai, ta sa kai ko ta shiga da baya, wayar cajin kuma gajeriya. Saboda haka sai matafiyi ya nemi fili, ya ja birkin ɗakin, ya sauke ƙaramar tayar gaba, ya zare wayar fitilu, ya kwance maɗaurin, ya bar ɗakin da matarsa da 'ya'yansa suna gadi, ya je ya yi caji, ya dawo ya sake ɗaurawa, watakila cikin ruwan sama, kuma bayan awa biyu ya maimaita. Kamfanin Fastned na Holan ya gina tashoshinsa da yawa ta yadda za a shiga ta gaba a fita ta gaba, irin na gidan mai, wannan kuwa shi ne abin da ya kamata hukumomi su wajabta.

Akwai kuma masu neman maganin daga ɗakin kansa. A shekarar 2021 kamfanin Dethleffs na Jamus ya sanya wa wani ɗaki batir da injinan da ke juya tayoyinsa, aka haɗa shi da motar Audi e-tron, suka tashi daga garin Isny suka ƙetare duwatsun Alps har Riva del Garda a Italiya, tafiyar kilomita 386, ba tare da tsayawa caji ba. Gwaji ne da ya tabbatar da yiwuwar abin, amma batir na biyu kuɗi ne mai yawa da nauyi mai yawa, alhali ɗakin a mafi yawan watannin shekara a ajiye yake.