FASHIN BAƘI: Yadda ƙarewar lasisin manhaja ke durƙusar da sabar, da hanyar farfaɗo da ita

Sau da yawa idan shafin banki ko na hukuma ya tsaya, akan ɗora laifin a kan masu kutse ko ɗaukewar wuta. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambato ba: cikar wa'adin lasisin manhajar da ke tafiyar da sabar, wato babbar kwamfutar da sauran na'urori suka dogara da ita.

Abin da ya faru a 2008

Manhajar ESX ta kamfanin VMware na Amurka tana raba sabar guda zuwa ƙananan kwamfutoci masu yawa, kowacce da aikinta. Ranar 12 ga Agusta, 2008, masu amfani da sabon samfurinta, ESX 3.5 Update 2, suka wayi gari tana ce masu lasisinsu ya ƙare, alhali sun biya kuɗinsu. Ashe injiniyoyin kamfanin ne suka manta ba su cire wa'adin da suka sanya wa manhajar lokacin gwaji ba.

Ƙananan kwamfutocin da ke kunne sun ci gaba da aiki, amma duk wadda aka kashe sai ta ƙi tashi. Shugaban kamfanin, Paul Maritz, ya fito ya nemi afuwa, aka kuma fitar da gyaran gaggawa.

Makamancin haka ya auku ranar 6 ga Disamba, 2018, lokacin da wa'adin wata takardar shaida da ke cikin manhajar Ericsson ya cika. Kimanin mutum miliyan 32 da ke kan layin O2 a Birtaniya suka rasa intanet kusan yini guda, matsalar kuma ta shafi SoftBank a Japan.

Matakan farfaɗowa

Darasi na farko daga 2008 shi ne kada a yi garajen kashe sabar a sake kunnawa, domin manhajoji da dama lokacin tashi suke duba lasisi. A fara da ɗaukar kwafin bayanai da na saitin na'urar.

Daga nan a gano tushen matsalar: kuɗi ne ba a biya ba, agogon sabar ne ya kauce, ko na'urar ce ta kasa isa rumbun kamfanin da ke tabbatar da lasisi? Kowanne da maganinsa. Idan kuɗi ne, a nemi mabuɗin wucin gadi daga kamfanin kafin a kammala biya.

A 2008 wasu sun mayar da kwanan watan sabar baya, suka samu sa'ida. Sai dai dabarar na da haɗari. Tana jirkita lokutan da ke cikin bayanan ciniki, kuma tsarin tantance masu shiga na Kerberos bisa al'ada yana ƙin na'urar da agogonta ya saɓa da fiye da minti 5. Manhajar da aka fasa wa lasisi kuwa ta fi muni, domin takan zo da ƙofar da masu kutse ke bi.

Inda siyasa ta shigo

Lasisi izinin amfani ne, kuma mai manhaja na iya sauya sharuɗɗansa. Bayan Broadcom ya sayi VMware a Nuwamba 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma tsarin biyan kuɗi wa'adi-wa'adi. A 2024 kamfanin AT&T ya maka shi a kotu, yana cewa an nemi ƙara masa farashi da kashi 1,050 cikin ɗari.

A Najeriya, inda akasari da dala ake ƙayyade farashin irin waɗannan manhajoji, faɗuwar darajar naira tun Yuni 2023 ta sa sabunta lasisi ya ƙara tsada. Don haka duk hukumar da ke riƙe da albashi, haraji ko bayanan 'yan ƙasa ya kamata ta amsa tambayoyi uku: Yaushe lasisinta zai ƙare? An ware kuɗin sabuntawa a kasafi? Kuma da sunan wa aka yi rajistar lasisin, hukumar ko ɗan kwangila? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman waɗannan amsoshi a rubuce.