Dalma a Tagar Coci, Dalma a Tsakar Gida

Wanda ya shiga tsohon cocin ƙauye a Ingila zai ɗauka tagogin nan masu launi sa'annin ginin ne. Sau da yawa jikokinsa ne. Bango kan kai shekara ɗari shida, amma an farfasa gilasan asali da dama a rikicin addini na ƙarni na 16 da na 17. A 1644 wani William Dowsing ya bi coci-coci a yankin Suffolk yana fasawa. Yawancin na yau aikin zamanin Sarauniya Biktoriya ne, daga 1837 zuwa 1901, na kamfanoni irin na William Morris da aka kafa a 1861.

Yawancin launin ba shafe ba ne, a jikin gilashin yake. Tun yana narke ake zuba masa ma'adini: kobalt ya ba da shuɗi, tagulla ta ba da ja ko kore, ɗan ƙanƙanin zinariya ya ba da ja-ja mai haske. Sai a yanyanka, a harhaɗa gutsattsarin da siraran sandunan dalma, domin tana da taushin lanƙwasawa.

Zinariya da dalma wuri ɗaya! Mutumin Anka ko Bukkuyum a jihar Zamfara ba ya bukatar a yi masa bayani. A duwatsun yankin ma haka Allah ya haɗa su. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na suma suna mutuwa a ƙauyukan Dareta, Abare da 'Yargalma. Gubar dalma ce, kuma ta ci yara fiye da 400.

To me ya sa ta zauna lafiya a taga, ta yi ɓarna a nan? Ƙura. Dalmar taga dunƙulalliya ce, can sama, sai mai gyara ne ke fuskantar haɗarinta. A Zamfara kuwa a lokacin dutsen ake kawowa gida don cire zinariya, a daka a turmi ko a niƙa a injin hatsi, garin ya bi ƙasar da yaro ke rarrafe. Hannu ya kai baki, ruwan ciki ya narkar da ita, jikin yaro kuwa ya fi na babba tsotsewa, ta wuce jini ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa maganin da ke fitar da ita ta fitsari bai wadatar ba, tunda gidan nan yaron zai koma. A ƙauyen Bagega, a 2013, sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida, aka kwashe aka binne, aka zubo sabuwa.