A Zazzage Akwati Kafin Damina Ta Kankama

 Yau a ɗaka za mu tsaya, gaban sif da akwatunan lefen nan da ke jibge a kansa.

Sai ki ji mace ta ce ba ta da abin sawa, alhali murfin akwatinta ba ya rufuwa. Yawanci anko ne ya cika shi: an sa ranar biki, an ninke, shi ke nan. To uwargida, kafin ruwan Agusta ya kankama, ki samu ranar da gari ya buɗe, ki fito da komai tsakar gida ya sha iska. Kayan da aka ajiye da zufa ko maiƙo ba a wanke ba, su danshi ke fara kamawa, fumfuna ta yi musu ɗigo-ɗigon baƙi. Leshi kuwa in ya yi wannan tabon, da wuya ya fita.

Zanen da Sallah biyu ta wuce ba ki ɗaura ba, don Allah ki rabu da shi. Ki ba dillaliya ki samu na zubin adashi, ko ki miƙa wa wadda ba ta da shi.

Sai maganar kafur. Yana korar kyankyaso da asu, gaskiya ne, amma kada ya kusanci kayan jariri. Wasu jariran yakan farfasa musu ƙwayoyin jini, shawara mai tsanani ta biyo baya. Mai rarrafe kuma gani yake alawa ce. Kayan goyo wanki da guga sun ishe su, a ware musu akwatinsu daban.